Dashen Mangwaro a Gonar Aro

Tun da na dawo daga Zuru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin layinmu sai wani ya matso: "Malam Sule, ya ƙauyen? Da gaske ne abinci kamar kyauta?" Wani ya ce yaushe za mu tashi. Har waɗanda ba su taɓa tambayar lafiyata ba sun zama masu son labari, don kowa a cikinsu yana neman inda zai gudu in Kaduna ta gama da shi. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ni ba ɗan boko ba ne, a firamare na tsaya, saboda haka kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Ga wanda bai san ni ba, a masaƙa na yi aiki tun ina saurayi har furfura ta fito mini, a ɓangaren saƙa, inda ƙarar inji ta cinye mini kunne ɗaya. Rana tsaka aka rufe get aka ce mu je gida za a neme mu. Kuɗin sallama ya zo a gutsure, bayan takalmana sun ƙare wajen zarya. Abin da ya rage a hannuna ba zai sayi fili a Kaduna ba, ko a bayan gari inda ba ruwa ba wuta. Ana cikin haka mai gidan da nake haya ya ba ni notis, wai ɗansa zai yi aure yana son ɗakunan. Abokan aikina da yawa sun tattara sun koma garuruwansu. Ni ba ni da garin komawa. A gidan haya aka haife ni, garin kakannina kuwa sunansa kawai na sani. Abin da nake nema a sauran kwanakina abu ɗaya ne: wurin da zan zauna ba wanda zai buga ƙofa ya ce in tashi.

Wanda ya sa mini Zuru a kai shi ne Saja Ishaya. Tsohon soja ne, Badakkare daga ƙasar Zuru, Kirista, ya yi gadi a get ɗin masaƙa shekara da shekaru, tare muke cin abincin rana. Shi ya koma gida tun kafin a rufe. Da ya zo Kaduna tantancewar fansho a wurina ya sauka, ya ga halin da nake ciki.

"Sule, me kake jira a nan?" in ji shi. "Zo gida. Ƙasa tana kwance ba mai nomawa. Kawuna zai ba ka gona, ba ko kwabo."

Na ce, "Ba ko kwabo, Saja?"

Ya ce, "Ba ko kwabo. Ni soja ne, ba na magana biyu."

Ana gobe zan tafi na gangara bakin kogi wurin masu rainon itatuwa, na sayi dashen mangwaro mai aure guda huɗu, na jera su a kwali. Uwar yarana ta kalle ni ta ce, "Malam, kai da za ka ganin wuri, me ya haɗa ka da ɗaukar itace?" Na ce damina ta faɗi, in ban dasa bana ba sai baɗi, ni kuma shekaruna ba na jira ba ne. Abin da ban gaya mata ba, na taɓa dasa gwaba a tsakar gidan hayar nan, na raine ta har ta fara 'ya'ya, mai gida ya zo ya sare ta ya gina shago a wurin, ko sallama bai yi mini ba. Tun ranar nake da abin a rai.

A tashar Mando rigimar farko ta tashi. Ɗan kamasho ya ce kwalin kaya ne, a sa shi a but a biya masa. Na ce ba kaya ba ne, abu ne mai rai, a cinyata zai zauna. Ya ce to akuya ma mai rai ce, ana biya mata. Muka yi ta yi har direba ya ce a ƙyale ni. Motar Pijo ce, an cusa mu huɗu a kujerar tsakiya. Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne mai ƙiba, yana cin gyaɗa yana ba da labarin tsadar man fetur kamar shi kaɗai ta shafa. Ba mu yi nisa ba motar ta faɗa rami, ya zubo a kaina gaba ɗaya. Na ji ƙas. Dashe ɗaya ya karye daidai wurin auren.

"Ayya, sannu," in ji shi. "Ai itace ne, zai toho."

Ban amsa masa ba har Tegina, kuma ban ci gyaɗar da ya miƙo mini ba.

Kafin mu shiga dajin Birnin Gwari direba ya tsaya gefen hanya, ya ce sai wasu motoci sun taru a shiga tare saboda 'yan fashi. Kowa ya yi tsit. Wata mata a baya ta fara cusa wani ƙulli cikin zanen goyon ɗanta. Mai ƙiba ya cire agogonsa ya sa a cikin safa. Ni na duba jikina na ga ba abin da ɗan fashi zai so, sai dai ya ji haushi ya mare ni. Direba yana ta leƙen motocin da ke tahowa daga gaba, in sun ɗaga masa hannu sai ya ƙara wuta. Allah ya fitar da mu lafiya. Da muka fita daga dajin kowa ya ɓarke da surutu kamar an buɗe famfo.

A Tegina na ci shinkafa da wake mai tsakuwa. Na sayi ruwan leda, na sha rabi, na zuba wa dashen sauran. Masu sayar da rake suka taru suna kallo. Ɗaya ya ce, "Baba, su ma a kawo musu shinkafar?" Na ce a kawo wa ubansa.

A Kwantagora aka sauke mu, sai an canja mota. Na ga bas ɗin Zuru ta kusa cika, na yi murna na biya na shiga. Ashe rabin mutanen ciki 'yan tasha ne, an zaunar da su don a yaudari irina. Duk fasinjan gaske da ya shigo sai ɗaya daga cikinsu ya sulale ya fita. Na yi azahar a tashar, na yi la'asar a tashar. Na shiga na fita, na zaga motar, na je na tsaya a kan direba. Bakabe ne, dogo, ba ya gaggawar komai.

"Malam, mi ad damuwa?" in ji shi. "Zuru tana nan inda take, ba ta tahiya ko'ina." Ya leƙa kwalina. "Wanga icce hwa? Can icce yaƙ ƙare aka ce maka?"

Na ce ya ja motarsa kawai.

Hanyar Kwantagora zuwa Rijau ba hanya ba ce, wahala ce aka shimfiɗa. Inda kwalta ta rage gara inda babu. Na rungume kwalin kamar jariri. Bayan Rijau, wajen da ake barin jihar Neja a shiga Kebbi, muka tarar da wasu samari sun gindaya katako mai ƙusoshi a kan hanya. Ban ga kaki a jikinsu ba, ban kuma san wanda ya aiko su ba. Ɗaya ya zuro kai ta taga, idonsa ya sauka a kan ganyen mangwaro.

"Na wane ne wannan? Kayan gona ne, akwai haraji."

Na ce, "Wace gona? Ka ga gona a cinyata?"

Ya ce in sauko. Na ce ba zan sauko ba. Jinina ya fara hawa. Sai wani saurayi da ke zaune a gaba, wanda tun Kwantagora barci yake yi, ya ɗaga kai ya zare hular da ya rufe fuska. Askin kansa kaɗai ya isa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ja katakon nan." Aka ja. Direba ya yi dariya ya ce mini haka motar Zuru take, da wuya ka cika ta ba soja a ciki, don kusan kowane gida can akwai mai kaki ko wanda ya tuɓe.

Mun shiga Zuru rana ta yi ja. Saja ba ya tasha. Na kira wayarsa ba ta shiga. Dama ya ce in ban gan shi ba in tambayi shagon Oga Sande, wani Ibo mai sayar da kayan gini kusa da kasuwa. Na same shi yana shirin rufewa. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Kaduna.

"Kai ne baƙon Saja? Ya jira ka har ya gaji, ya koma. Ƙauyensu ba sabis, sai an hau dutse. Gobe ka hau kabu-kabu."

Kabu-kabu shi ne abin da muke kira acaɓa. Tunda ga ni a shagon kayan gini, na tambayi kuɗin siminti da kwano, don in san abin da ɗaki biyu zai ci. Da ya faɗa na ɗauka kunnena mara ji ne na juya masa. Na juya ɗayan, ya maimaita. Ya fi na Kaduna nesa ba kusa ba.

Na ce, "Oga, ba an ce ƙauye da araha ba?"

Ya ce, "Malam, ka ga hanyar da ka biyo? Ita simintin ya biyo. Duk abin da ya hau mota ya zo garin nan sai ya biya kuɗin motarsa, kuma kai za ka biya masa."

Na kwana a wani masauki bayan tasha. Katifar ta sha duniya, kuɗin cizo kuwa sun karɓe ni hannu biyu. Da safe na zaga kasuwa don in gani da idona, tunda abin da kuke ta tambaya ke nan. Gaskiya ne, dawa da araha, kuma mudunsu ya fi namu ciki. Kaza, man kaɗe, daddawa, kuka, duk za ka saya ka yi murmushi. Amma kananzir, sabulu, sukari, batir, omo, duk sun fi nan. Na shiga kemis na nuna kwalin maganin hawan jinina. Mai kemis ya juya shi ya ce irin wannan sai an aika Kwantagora, ko in karɓi wani mai kama da shi. Na ce jinin nawa ba mai kama da na wani ba ne. A nan na fara shakka, amma na ce ba komai, in akwai gona akwai komai.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni gudu yake kamar ana bin sa. Muka bar hanyar Ribah muka shiga ta ƙasa, tsakanin duwatsu. A wani rafi ya ce in sauka in taka, ya tura babur. Na tuɓe takalma, na ɗora kwali a ka, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin ruwa. Kwalin bai taɓa ruwa ba. Haka na isa gidan Saja da jiƙaƙƙen wando.

Saja ya fito yana dariya har da riƙe ciki. "Sule! Iyo ka yi daga Kaduna?" Muka rungume juna. Ya rame, ya yi baƙi, hannunsa ya zama kamar ɓawon itace. Matarsa, Maman Laraba, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa. Can sai ga ta da kaza a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan.

"Malam, kai za ka yanka da hannunka, don ka ci da zuciya ɗaya. Tukunyar ma sabuwa ce, jiya na saya."

Wannan abu ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na zauna da mutane a birni shekaru ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan lura. Ta tuƙa tuwon jar dawa, mai nauyi, loma kaɗan ka ji kamar ka haɗiyi tubali, da miyar karkashi. Na ci har na kasa tashi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne rumbuna sun fi ɗakunan kwana yawa, kuma sun fi su kyau. Mutum zai kwana a ɗakin da ke yoyo, amma rumbunsa an yaɓe shi sumul an yi masa sabuwar jinka. Ba wanda ke zuwa awo. Saja ya ce a nan in aka ga magidanci da mudu a kasuwa yana sayen dawar tuwo, tausayinsa ake ji. Na ce to mu a Kaduna duk abin tausayi ne ke nan. Washegari na ga samari sun jeru a gona da wasu manyan garemani, suna tafiya tare suna waƙa, ƙasa na tashi kamar inji ke juya ta. Saja ya ce golmo ke nan: saurayi da abokansa suna yi wa iyayen yarinyar da yake nema noma, shekara bayan shekara, kafin a ba shi. Mu a nan akwati muke cikawa mu yi ta kuka. Su bayansu suke bayarwa. Na ɗaga garma ɗaya don in gwada, na ajiye ta da sauri kafin wani ya gani.

Da muka zauna ni da Saja na tambaye shi gaskiyar zaman. Ya tsuke baki.

"Abinci ba matsala, Sule. Amma fanshon nan, rabinsa hanya ke ci. Yau a ce tantancewa, gobe a ce hoto bai fito ba. Wanda ya rage kuma, da wata ya ƙare za ka ga mutane sun zo gaisuwa. Wanda ɗansa ba lafiya, wanda aka koro nasa daga makaranta. Duk dangi ne. Ka hana wa?"

Na ce ni ba ni da dangi a nan, ba mai zuwa mini gaisuwa. Ya ce in jira in gani.

Ranar Asabar ya kai ni wurin kawunsa, Baba Dantani, wanda shi ne babba a zuriyarsu, shi ke da magana a kan ƙasa. Tsoho ne ƙanƙane, ba riga, da sanda da ɗan gatari a kafaɗa. Hausarsa gajera ce. Na kai masa goro da sabulu. Bai yi dogon zance ba, ya tashi ya ce mu bi shi. Tafiyarsa ta fi tawa sauri. Ya tsaya a wani fili mai faɗi a gindin dutse, ƙasa baƙa mai laushi, ya nuna da sanda: daga ɗorawar can, zuwa wancan dutse, zuwa bakin rafi.

"Ka noma," in ji shi. "In ka girbe, ka kawo dami ɗaya gidana."

Na ce, "Shi ke nan, Baba?"

Ya ce, "Shi ke nan."

Ba takarda, ba shaida, ba dillali. Damin da ya ambata na ɗauke shi a matsayin alheri irin na godiya, na ce a raina biyu ma zan kai. Na tsuguna na damƙi ƙasar na shinshina. Ku yi dariya in kuna so. Mutumin da bai taɓa mallakar ko inda zai ɗaure akuya ba, aka nuna masa fili da sanda aka ce ya noma, ku bar shi ya shinshina.

Aka yi ruwa kafin gari ya waye. Lahadi ce, Saja da iyalinsa suka tafi coci, gari ya yi shiru. Na kasa zama. Na ɗauki fartanya a bayan rumbu, na ɗauki kwalina, na nufi gonar. Dashe uku suka rage, sun yi yaushi amma da ransu. Na zaɓi wuri mai ɗan tudu inda nake ganin zan yi ɗaki, na haƙa ramuka da tazara, na yi bisimilla na dasa. Na saro ƙaya na kewaye su saboda awaki. Bayana kamar zai tsinke, ban damu ba. Na zauna a kan dutse ina kallonsu, har na ga inda zan shimfiɗa tabarma in sun girma.

Wasu mata biyu suka zo wucewa da itace. Na gaishe su. Suka tsaya, suka kalli ƙayar, suka kalli juna. Babu wadda ta amsa. Suka ƙara sauri. Na ce a raina ƙila ba sa jin Hausa.

Bayan azahar ina kwance a zaure sai ga Saja ya shigo da kayan cocinsa, yana haki.

"Sule, me ka yi?"

Na ce, "Me na yi?"

"Itace ka dasa? A gonar Baba? Wannan kwalin da kake ta ba ruwa, na ɗauka tsaraba ka kawo wa wani!"

Na ce, "Gonar Baba ko gonata?"

Ya dafe kai. Ya ce in tashi, ana jiranmu.

A ƙofar gidan Baba Dantani mutane sun taru, maza a zaune, mata a tsaye daga baya. A gaban tsohon ga dashena uku a cikin wata fasasshiyar tukunya. An tono su a hankali, kowanne da ƙasarsa, ko saiwa ɗaya ba a tsinka ba. Da na gan su sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Wani ɗan Baba, ƙato, yana ta faɗa da yarensu yana nuna ni. Tsohon ya ɗaga sanda, ɗan ya ja bakinsa.

"Baƙo," in ji Baba, "na ce ka noma. Ban ce ka dasa ba."

Na ce, "Baba, mene ne bambancin? Duk ƙasa ce ake sa wa abu."

"Dawa, wata nawa, ka yanke, ƙasa ta koma yadda take. Itace yana nan bayan ni, bayan kai. Gobe ɗanka ya zo ya ce, ubana ya dasa, nan namu ne. Ɗana ya ce a'a. Su yi faɗa. Ni ina ƙasa, ba na iya magana."

Saja ya matso kusa da kunnena mai ji ya yi mini bayani. A wurinsu wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace, ko ɗaya. Dasa itace kamar ka ce ƙasar taka ce. Ko ɗorawar da ke cikin gonar, matan gidan Baba ne za su zo su kaɗe ta. Damin da za a kai duk shekara kuwa ba godiya ba ce, shi ne shaidar cewa aro ne.

Na ture hannunsa. "Aro? Saja, kai ka ce mini ba ko kwabo!"

"Na ce ba ko kwabo. Ban ce taka ba ce. Wa ke ba da ƙasa, Sule? Kowa ya san wannan."

"Ni ban sani ba! A ina zan sani? A cikin inji?"

Na juya wurin tsohon. Na ce to a sayar mini, ko ɗan inda zan yi ɗaki in dasa waɗannan, ina da ɗan abin da na riƙe. Wasu suka yi guna-guni. Baba ya girgiza kai.

"Ba tawa ba ce da zan sayar. Yaranmu suna bariki, suna Legas, suna Jos. Duk za su dawo, kamar yadda Ishaya ya dawo. In sun dawo su tarar na sayar, su zauna ina?"

Na ce, "To in mai wurin ya dawo, ni fa?"

"A nuna maka wani wuri."

"Ɗaki fa?"

"Ka yi na ƙasa, da jinka. Za a taya ka. Bulo da kwano, a'a."

"In na tsufa na kasa noma?"

"Gona ta koma gida. Tuwo ba za ka rasa ba."

"'Ya'yana?"

"Su zo su roƙa, kamar yadda ka roƙa."

Raina ya gama ɓaci. Na ɗaga murya a gaban tsoho, abin da ban saba ba. Na ce, "To in na mutu fa, Baba? Kabarin ma aro za ku ba ni?"

Na ɗauka zai ji haushi. Bai ji ba. Ya ɗauki tambayar da gaske, ya yi ɗan tunani, ya nuna gangare da sanda.

"Akwai Musulmi a can ƙasa, da wurin binne mutanensu. Kakana ya ba su. Wannan ba a karɓa. Kai, matarka, duk wanda ya mutu a nan. Ba mai tashin ku."

Ba wanda ya yi dariya. 

Daga baya Baba ya ce kada itacen ya mutu a banza. Shi zai dasa da hannunsa a gaban mutane, ya zama nasa, ni kuma in sha 'ya'yan muddin ina wurin. Muka ɗunguma zuwa gonar gaba ɗaya. Ina tsaye ina kallo tsohon nan ya durƙusa ya mayar da su cikin ramukan da na haƙa, ya danna ƙasa da tafin hannu, ɗansa ya mayar da ƙayar da na saro. Da ya gama ya miƙo mini hannu, na karɓa. Me zan yi?

Washegari na ce zan tafi. Saja ya yi ta ba ni haƙuri, Maman Laraba ta ɗaura mini daddawa da man kaɗe ta ce in kai wa 'yar'uwarta, uwar yarana. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ramukan suna nan, masu katako suna nan.

Na iso gida na tarar da uwar yarana tana tsintar shinkafa a faranti. Ta yi mini sannu, ta kawo ruwa, ta bari sai da na sha.

"To, Malam, an samu?"

Na gaya mata duka. Tsadar siminti, maganin da babu, rumbuna, gonar aro, taron da aka yi a kaina. Na ce mata duk tafiyar nan abu ɗaya aka ba ni kyauta, kabari. Na faɗa ne don ta taya ni jin haushi.

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Tsohon da bakinsa ya ce ba mai tashin mu daga can?"

Na ce, "Daga kabarin, Hajara. Kabarin nake gaya miki."

Ta ce, "Na ji. A nan wa ya taɓa yi mana alkawarin ko wannan? Maƙabartar unguwar nan da ake haƙa sabo a tarar da ƙashin wani a ture shi gefe?"

Na ce ba ta fahimta ba, haya ce zan bari in koma wata hayar. Ta ce ta fahimta sarai, ita dai ta ga wannan mai gidan ya faɗi nasa sharaɗin tun ranar farko, a gaban jama'a, kuma bai ce a biya shi duk wata ba. Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki, na ji tana sauke kwanonin da ke saman kabad.

Na fita ƙofar gida na tsaya. Na dawo ciki, na kasa zama, na sake fita, na kai bakin titi na juyo. Da na shigo ta leƙo ta ce in nemo mata buhuna da igiya ta ɗaure kaya.

Na je na nemo.